Gyaran Gida: Abin da ke Ƙarƙashin Daɓe da Abin da ke Bayan Silin



Yau zancen gyaran gida za mu yi, domin lokacinsa ne. Kaka ta yi, amfanin gona ya shigo, wanda ya sayar da wake ko 'yan buhunan masara ya ɗan ji nauyi a aljihu. Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi ta shiga Dutsin-Ma, zai ga tulin yashi da bulo a ƙofar gidaje, ga kafintoci a kan rufi suna ta ƙwanƙwasa. Wani ɗa zai yi wa aure, yana son ya fitar masa da ɗaki. Wani ruwan watan Agusta ne ya zubar masa da katanga. Wani kuwa babu abin da ya samu gidansa, kawai dai maƙwabci ya sa tayil, uwargida kuma ta gani.

To madalla, Allah ya sa albarka. Sai dai akwai abin da na daɗe ina lura da shi. In mutum ya ware kuɗin gyara, kusan duka a kan abin da ido ke gani suke ƙarewa: fenti, tayil, ƙofar ƙarfe mai ado, silin na filasta mai fitilu kala-kala. Abin da ke ɓoye a ƙarƙashin daɓe, da wanda ke tsakanin silin da kwano, ba mai tambayarsa. Alhali nan ne ake yanke hukuncin ko za ka iya barci a ɗakin nan a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 har ya wuce, ko kuwa za ka kwana kana fifita. Nan ne kuma ake yanke hukuncin ko katakon da ka saya da tsada zai yi shekara ashirin, ko kuwa gara za ta gama da shi kafin ɗan da aka haifa a ɗakin ya shiga firamare.

Bari mu ɗan leƙa Ingila, don su wannan magana ta zame musu sana'a. Tsofaffin gidajensu, musamman waɗanda aka gina zamanin Sarauniya Biktoriya, daga 1837 zuwa 1901, daɓensu na katako ne. Ana jera manyan katakai, a buga falankai a kai, a bar rami a ƙasa. A jikin bango kuma akwai bulo mai huji-huji da iska ke shiga ta ratsa ramin ta fita ta ɗaya gefen. Da sanyinsu ya zo, iskar nan sai ta riƙa kutsowa ta tsakanin falankai, ɗumin da suka saya da kuɗin gas yana tsiyayewa. Masanansu na ƙiyasta cewa kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na ɗumin gida ta daɓe yake gudu. Don haka in za su yi gyara sai su ɗaga falankan, su ɗaura raga a tsakanin katakai, su cusa audugar gilashi ko ulun tumaki, su mayar da falankan. Amma akwai sharaɗi guda da kowane magini na kirki a can zai gaya maka: kada ka kuskura ka toshe hujin iskar nan. Dokar gininsu ma ta ce a bar sararin aƙalla inci 6 a ƙarƙashin katakon. Wanda ya toshe don ya ƙara ɗumi, laima za ta taru, katakon ya ruɓe, wata rana ƙafarsa ta burma.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da daɓen katakon Turawa? Mai sauraro, fita bayan gida ka dubi rumbu. A Birchi, a Wurma, a Karofi, a Kuki, duk inda ka ga rumbu, ba za ka same shi zaune daɓas a ƙasa ba. A kan duwatsu ake ɗora shi, a gitta itatuwa, sannan a tayar da jikinsa. Kaji ma har shiga ƙarƙashinsa suke yi su sha inuwa. Sararin nan da aka bari shi ke hana danshin ƙasa hawa ya taɓa hatsi, shi ke sa a ga gara tun tana fara gina hanyarta a jikin dutse, a kankare ta. Sama kuma a kifa masa jinka ta tare rana da ruwa. Manomin da bai taɓa jin sunan Landan ba ya san dokar nan ta inci 6, kuma a kanta abincin shekararsa ya dogara. Abin mamaki shi ne mutumin da ya yi wa gerensa wannan gata, in ya zo gyaran ɗakin da shi da iyalinsa za su kwana, sai ya manta.

Ilimin kansa ba mai wuya ba ne. Kular da uwargida ke zuba tuwo ya kai dare da zafinsa, ita ce dai mai sayar da ƙanƙara ke amfani da ita ta wuni ba ta narke ba. Aikin kula shi ne hana wucewa, ko daga ciki ko daga waje, kuma abin da ke yin aikin iska ce da aka tsare a cikin soson da ke jikinta, ba ta motsi. Duk wani abin tare zafi da za a sayar maka, ko audugar gilashi ce, ko farin soso, ko ɓuntun shinkafa, iskar da ke maƙale a cikinsa ce kake saye. Shi ya sa in ya jiƙe, ko aka danne shi ya lafe, ya tashi daga aiki. Sharaɗi na biyu shi ne na rumbu: ka tare zafi, amma ka bar wa laima hanyar fita.

Yanzu mu zo ga namu daɓen da ke rataye a sama, wato benen ƙasa. Har yanzu akwai su a tsofaffin unguwanni da gidajen sarauta, ko da yake kullum raguwa suke yi. Magina na da suna tsaga giginya su fitar da azara, kuma sun fi son namijin giginya don ya fi tauri, gara ba ta cika iya masa ba. Azara guda ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce ƙafa 6 ba tare da ta lanƙwasa ba, saboda haka sai su yi ta dabara. Su fito da wasu azarori daga cikin bango su tallafe, su gitta wasu a kusurwa, in ɗakin babba ne su ɗaure bakan gizo. Da irin wannan fasaha Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a shekarun 1830. Nan kusa da mu ma, tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ginin ƙasa ce, ga ta nan tsaye an mai da ita gidan tarihi. In an gama jera azara sai a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa a hankali, kashi-kashi, kowanne a bari ya bushe. In bene ne, mata su zo su yi daɓe da maɗabi, a yayyafa ruwan makuba, wato ɓawon 'ya'yan ɗorawa da aka jiƙa, har ƙasar ta yi tauri ta yi duhu tana sheƙi.

Kaurin ƙasar nan shi ne sirrin. Zafin rana ba ya ratsa ta nan take, sai ya ɗauki awanni yana tafiya, kafin ya iso ciki dare ya yi, gari ya fara sanyi. Da hunturu kuma ɗumin da ta sha da rana shi take saki da asuba. Duk wanda ya taɓa shiga soro da azahar ya san abin da nake nufi. Ita kuma azara, da yake ƙasa ce ke lulluɓe da ita, in ta ɗan sha danshi da damina, rani na zuwa za ta bushe ta koma yadda take.

Inda ake kashe irin waɗannan gine-gine shi ne wajen gyara. Magada sun tashi, suna son su kyautata gidan mahaifinsu, da kyakkyawar niyya. Sai a kira birkila ya shafe bango da siminti ciki da waje, ya hau benen ya zuba kwaɓin siminti a kan tsohon daɓe, a jera tayil. Wata uku gidan ya yi kyau, kowa na sa albarka. To siminti da ƙasa ba sa kama juna da gaske. Zafi ya buɗa, sanyi ya tsuke, sai siminti ya tsage, tsagar da ko allura ba za ta shiga ba, amma ruwa zai shiga. In ya shiga kuma ba shi da mafita, don an rufe ko'ina. Sai ya gangara ya taru daidai inda kan azara ya shiga bango, wurin da duk nauyin benen ya rataya. Nan za ta yi ta ruɓewa a ɓoye, daga waje kuwa fenti sai ƙyalli yake.

Ga kuma nauyi, wanda ba a cika lissafa shi ba. Ɗaki mai faɗin mita 3 da tsawon mita 4, in ka zuba masa siminti mai kaurin inci 2, ka ɗora masa abin da ya haura tan guda, wato fiye da nauyin buhun siminti 25. Ba wanda zai yarda a jibge buhu 25 a kan benen kakansa a bar su har abada, amma in an kwaɓa an shafe sai a ce gyara ne.

Shawarata ga mai irin wannan gida ita ce, kafin a taɓa komai, a nemo tsohon magini, ko da ta hannun Sarkin Magina ne. A buɗe kan azarori kaɗan a bango, a soka ƙusa ko bakin wuƙa. In ta shige kamar cikin rogo dafaffe, a canza azarar. In ta ƙi shiga, a bar ta, ta fi yawancin katakon da ke kasuwa yanzu. A gyara indararo ya riƙa watsa ruwa nesa da gindin bango, a sabunta yaɓe da ƙasa irin wadda aka yi ginin da ita. In ana son tsabta a saman benen, a shimfiɗa tabarma ko darduma, abin da za a iya naɗewa. Ledar ɗaki da ake mannawa daga bango zuwa bango ita ma tana tsare laima, ɗaga gefenta bayan damina ka shinshina za ka ji.

Haka nan masu shaguna da ke yin bene na katako a ciki don ajiyar kaya ko kwanan yaran shago. A shafe katakon da maganin gara kafin a buga shi, ba bayan an buga ba, musamman bakin da aka yanka da zarto, don ta nan take shiga. Kafintocinmu da yawa baƙin mai suke shafawa. Yana ɗan taimakawa, amma yana wari da zafi, kuma abokin wuta ne, bai dace da wurin da mutum zai kwana ba. Kan katakon da zai shiga bango a naɗe shi da leda mai kauri ta ƙasa, a bar ɗan sarari ta gefe. In za a rufe ƙasan benen da silin, a bar huji biyu masu fuskantar juna, a sa musu waya mai raga saboda ɓera.

Daɓen ƙasa kuwa, wanda ke zaune a kan doron ƙasa, a nan ne muka raba hanya da Ingila, kuma a nan nake jin tsoron masu kwaikwayo daga bidiyon YouTube. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa. Su ƙasa ɗumi take janye musu, shi ya sa suke raba ta da ɗaki. Mu kuwa da bazara ƙasa ce mai ceto. Da tsakar rana cikin ƙasa ya fi iskar gari sanyi nesa ba kusa ba, shi ya sa za ka ga tsoho ya sauka daga katifa ya kwanta a kan siminti, yaro ma ba a koya masa, da kansa zai mirgina ya bar shimfiɗa. Wanda ya shimfiɗa farin soso a ƙarƙashin daɓensa a Dutsin-Ma, ko ya manne ɗakinsa da kafet mai kauri, ya yanke hulɗa da sanyin da yake samu kyauta. Sanyin hunturu da ke sauka ƙasa da digiri 15 da asuba a watan Disamba da Janairu gaskiya ne, tayil kuma yana cizon ƙafar tsofaffi a lokacin. Amma maganinsa darduma ce da za a shimfiɗa wata biyu a naɗe.

Abin da daɓenmu ke bukata shi ne a raba shi da laima. A ɗaga ciko ya fi tsakar gida tudu da aƙalla bulo guda. A zuba marmara kashi-kashi ana jiƙawa ana dakawa, kada a tara shara da ɓaraguzan itace a ciki, don abincin gara ne. A yi feshin maganin gara, a shimfiɗa leda mai kauri, bakin wannan ya hau kan wancan, ta ɗan hau jikin bango, sannan a zuba jaman fulo. Ledar nan kuɗinta bai kai na kwalin tayil biyu ko uku ba, amma ita ake fara tsallakewa in kuɗi sun fara ƙarewa. Sakamakon shi ne farin gishirin nan da ke fitowa a gindin bango, fenti na kumbura yana ɓarewa, kayan ɗakin amarya na yin fumfuna a damina ta farko. Masu gidaje a gindin duwatsu su fi kowa kula. Dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya zuba a kansa gangarowa yake yi ya taru a ƙarƙashin gidajen da ke kewaye da shi. Da rani kuma ya wuni yana shan rana, ya kwana yana huci.

Amma jama'a, in gaskiya za a faɗa, babbar ƙofar da zafi ke shigo mana ita ce ta sama. Kwano a tsakar ranar bazara yana iya haura digiri 60, kafinta ma ba ya iya dafa shi da hannu. Mun bar rufin soro don wahalar yaɓe duk shekara da tsoron ruftawa da damina, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi, ban ga laifin kowa ba. Giginya ma ta yi ƙaranci. Sai dai mun karɓi kwano ba tare da mun karɓi abin da ya kamata ya zo da shi ba.

Dubi yayin da ake yi yanzu. Kwano baƙi ko ruwan ƙasa ko shuɗi mai duhu, don shi ne na masu kuɗi. Launi mai duhu kuwa zuƙe rana yake yi. A birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 da ya kashe mutum fiye da 1,300, hukuma ta fito da tsarin yaƙi da zafi a 2013, daga baya aka shiga shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti. Abin da aka gani shi ne ɗaki na raguwa da digiri 2 zuwa 5. Digiri 3 ma a daren Afrilu ba ƙaramin abu ba ne ga jariri ko mai hawan jini. Mu a nan ƙurar hunturu za ta dusashe farin, don haka sai an wanke ko an sabunta kafin bazara. Duk da haka, in za ka sayi sabon kwano, ɗauki mai haske, kuɗinsu ɗaya.

Yayi na biyu shi ne ɓoye kwano a bayan bango, a tayar da bulo ya kewaye shi. Ana yin haka saboda iskar farkon damina da ke yaye rufi, kuma yana magani. Illarsa ita ce sararin da ke tsakanin kwano da silin ya zama rufaffe ruf, iska mai zafi ta taru ba ta da wurin fita, sai ta danno ƙasa. Fankar da kake kunnawa ita take janyo maka. Maganin ba shi da tsada: a bar tagogin iska a saman bango, sama da silin, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma ko kudu da arewa, a sa waya mai raga don jemage da tsuntsu. Birkila zai ce maka ƙura za ta shiga. E, za ta shiga, amma a saman silin za ta zauna.

Wanda ke da hali ya ƙara da takardar almuniyam mai sheƙi a ƙarƙashin kwano. Sharaɗinta shi ne a bar sararin aƙalla inci guda a gaban fuskar mai sheƙin, kuma fuskar ta kalli ƙasa, don in ƙura ta kwanta a kanta ta rage aiki. In aka manna ta tsam tsakanin kwano da katako ba sarari, an yi asarar kuɗi. Sannan a kan silin ɗin kansa ana iya shimfiɗa audugar gilashi mai kaurin inci 2 zuwa 4, mai aikin ya rufe hanci da hannu don tana ƙaiƙayi. Wanda ba shi da wannan, ɓuntun shinkafa da masu injin casa ke zubarwa yana tare zafi sosai kuma ba ya saurin kama wuta. A busar da shi, a gauraya da farar ƙasa saboda ƙwari, a zuba a ƙananan buhuna a jera. Amma sai a kan silin mai ƙarfi da katako isasshe, ban da silin na roba, wanda ko kansa da ƙyar yake ɗauka in ya sha zafi.

A nan dole in ja kunne a kan abubuwa uku, don rai ne a ciki. Wayar lantarki da ke bi ta saman silin a sa ta cikin bututu, kada a binne ta a cikin soso ko ɓuntu, don waya tana ɗumi, in ba ta sha iska ba rigarta narkewa take yi. Gobarar hunturu da yawa daga saman silin take farawa. Sai tsohon silin na asbesto, farin allon nan mai tauri da ke cikin gidajen gwamnati da makarantun da aka gina shekarun 1970 da 1980. Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, da sauƙi. Amma in an zo cire shi ana farfasawa, ƙurarsa na shiga huhu, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar tana jawo ciwon daji, wanda ba ya bayyana sai bayan shekaru masu yawa. A jiƙa shi da ruwa, a cire shi ɗungurungum, a kori yara daga wurin, kada a mai da ɓaraguzansa ciko a tsakar gida. Na ukun shi ne gawayi. Ɗakin da aka gyara ya rufu da kyau, aka sa tagar gilashi, ba irin ɗakin da ba ne mai shan iska ta ko'ina. Kaskon gawayi a cikinsa da daren sanyi yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci za ta tafi da shi. Hayaƙin janareta ma haka.

Kada a ɗauka wannan magana ta komawa baya ce. Akwai wani ɗan Burkina Faso, Francis Kéré, wanda ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001. Bulon ƙasa ya yi amfani da shi, ya yi silin na ƙasa mai ƙananan huji, sannan ya ɗaga kwano sama a kan ƙarafa, ya bar sarari iska na ratsawa tsakani. Zafin aji ya fita ta hujin, kwano ya zama rumfa kawai. A 2022 aka ba shi lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a duniyar zanen gine-gine, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya samu. Tun kafin shi, a 1986, masallacin ƙasa na garin Yama a jihar Tawa ta Nijar, aikin magini Falke Barmu, ya samu lambar Aga Khan. Ƙasarsu irin tamu ce, zafinsu ma in bai fi namu ba bai gaza ba. Ina ma masu ba da kwangilar azuzuwa a ƙananan hukumominmu za su dubi hoton makarantar Gando sau ɗaya, kafin su sake sa hannu a kan aji mai gajeren bango da kwano a kan yara saba'in.

Abin da ya sa maganar ta fi matsa mana a wannan yanki abu biyu ne. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, gidan haya ya zama kasuwa. Ana jera ɗakuna kamar shaguna, a rage layin bulo biyu daga tsayin bango don a tsimi siminti, taga guda 'yar ƙarama, silin na roba, shi ke nan a karɓi kuɗin shekara. Ɗalibin da ya zo daga nesa ba shi da zaɓi. Ina roƙon masu gidajen nan, 'ya'yan mutane ne amana a hannunku. Tsayin ƙafa 10 daga daɓe zuwa silin, da taga biyu masu kallon juna, ba za su karya jarinku ba.

Na biyun ya fi ciwo. A da, in bazara ta yi tsanani, kowa tsakar gida yake fitowa da tabarma, samari su kwana a ƙofar gida ko a dandali. Ɗaki wurin ajiyar kaya ne har ruwa ya sauka. Matsalar tsaro ta sauya wannan. Mutane da yawa yanzu a ciki suke kwana, ƙofa a kulle, wasu har sun toshe tagar da ke kallon waje da bulo. Ga 'yan uwa da suka baro ƙauyuka ta wajen Safana da Batsari da Ɗanmusa suka dawo cikin gari, ɗakin mutum uku ya koma na mutum takwas. Cunkoso a ɗaki marar iska a lokacin ƙura da zafi shi ne yanayin da sanƙarau ya fi yaɗuwa a ciki, kuma manyanmu ba su manta 1996 ba, shekarar da cutar ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000, akasari a Arewa. Wanda ya toshe taga don tsaro ban ce ya yi kuskure ba. Amma ya fasa ƙananan huji a can sama kusa da silin, inda ko hannu ba zai shiga ba, ya sa ƙarfe da raga. Iska mai zafi sama take hawa, ta nan za ta fita.

Wutar lantarki kuwa kowa ya san halinta, man janareta kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi. Masu sa sola su ma za su gaya maka, ɗakin da aka tare wa zafi daga sama fanka guda ta ishe shi, batir ya kai asuba.

Saboda haka ranar da za ka zauna da mai aikinka, kafin a kai ga zancen launin tayil, ka ce masa: Malam kafinta, ta ina iskar saman silin za ta fita? Katakon nan ya bushe, ko ɗanye ne daga mota? An shafa masa magani kafin a hau da shi? Ka ce wa birkila ya kira ka ka ga ledar da idonka kafin ya zuba jaman fulo, don in an zuba an zuba ke nan. In kuɗin ba za su isa duka ba, a fara da rufi da ledar ƙasa, a zauna a kan siminti bana, tayil ya jira kaka mai zuwa, don shi ana iya sa shi ko da yaushe ba tare da an fasa komai ba. A kuma yi ƙoƙari a gama aikin ƙasa da na katako tun cikin sanyin nan, ya samu watannin rani ya bushe sosai kafin hadarin farko ya taso a watan Mayu ko Yuni.